Muda: wa ke da ikon cewa wannan banza ne?

A bakin mutanen Japan, kalmar muda ba ta da wani kwarjini. Abin da mu za mu kira aikin banza, ko wahalar banza, ko abin da aka kashe wa kuɗi bai tsinana komai ba, shi suke kira muda. Amma tun da kamfanin motoci na Toyota ya ɗauki kalmar ya gina tsarin aikinsa a kanta, sai ta bar gida ta shiga duniya. Yau ana koyar da ita a makarantun kasuwanci, ana aiki da ita a asibitoci da bankuna, har ta iso nahiyarmu. Hukumar JICA ta gwamnatin Japan ta fara horar da masana'antun Habasha a kan kaizen, wato gyaran aiki kaɗan-kaɗan kullum, a 2009. Ƙasar ta kafa cibiyar kaizen tata a 2011, kuma an yi irin wannan horo a Gana da Kamaru. Duk wanda ya zauna a irin wannan aji, farautar muda ce darasinsa na farko.

Tunda abin ya zo ƙofar gida, ya kamata mu juya shi mu ga cikinsa da bayansa. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kare shi a wannan sharhi, shi ne: muda ido ne mai kaifi, yana nuna wa mutum ɓarnar da ya daɗe yana takawa bai gani ba. Sai dai idon ba shi ke yanke hukunci ba. Akwai wanda ke riƙe da ma'aunin da ake cewa wannan amfani ne, wancan banza ne, kuma abubuwa masu daraja da yawa sun faɗa kwandon shara saboda ma'aunin bai san da su ba.

Talauci ne ya haife ta

Mutumin da aka fi danganta wannan tunani da shi shi ne Taiichi Ohno, wanda aka haifa a 1912 ya bar duniya a 1990. Ya fara aiki a masaƙar iyalin Toyoda a 1932, ya koma ɓangaren motoci a 1943. Ya tattara tunaninsa a wani ɗan ƙaramin littafi a kan tsarin ƙere-ƙeren Toyota da ya fito da Japananci a 1978, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1988.

Kafin a fahimci littafin sai an tuna halin da Japan ta shiga bayan yaƙin duniya na biyu. Babu kuɗi, babu ƙarfe wadatacce, masu sayen mota kaɗan ne. Kamfanonin Amurka irin su Ford suna ƙera mota iri ɗaya dubbai a jere, suna tara kayan haɗi tuli guda, yawan ne ke sauke musu farashi. Toyota ba ta da ƙarfin yin haka. A 1950 ta kusa durƙushewa, aka yi yajin aiki, ma'aikata fiye da 1,600 suka bar kamfanin, shi kansa wanda ya kafa shi, Kiichiro Toyoda, ya ajiye muƙaminsa. Ohno ya taɓa jin cewa aikin da Ba'amurke ɗaya ke yi sai Japanawa tara sun taru a kansa. Bai yarda cewa ƙarfin Ba'amurke ya ninka na ɗan Japan sau tara ba. Ya ce lallai akwai abin da ke zuba a ƙasa, kuma in aka toshe inda yake zuba za a cim musu.

Daga nan ya kasa ɓarna kashi bakwai. Akwai ƙera abin da ya wuce buƙata, ko ƙera shi tun ba a nema ba. Akwai jira, inda ma'aikaci ke tsaye yana kallon inji ko yana dakon kaya. Akwai jigilar kaya daga wannan lungu zuwa wancan ba dalili. Akwai aikin da ya wuce kima a kan abu, kamar goge wurin da ba wanda zai gani. Akwai tara kaya a sito. Akwai motsin jiki da ba ya ƙara komai, irin sunkuyawa da miƙa da laluben sifana. Na bakwai shi ne kaya mai aibi, wanda sai an sake shi ko an zubar.

A cikin bakwai ɗin, na farko ne Ohno ya ɗauka uwar sauran. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki, domin a al'ada ana yaba wa wanda ya yi aiki da yawa. Shi kuwa ya nuna cewa abin da aka ƙera ba a buƙata sai an nema masa wurin ajiya, da mai gadi, da mai ƙirga shi, da motar ɗaukarsa, ga kuɗin da aka binne a cikinsa, ga tsatsa. Maganinsa ya samo shi ne daga manyan kantunan Amurka, inda mai saye ke ɗaukar abin da yake so daga kanta, mai kanti ya cike gurbin abin da aka ɗauka kawai. Ya mayar da masana'anta haka: kowane sashe ya karɓi abin da yake buƙata daga na bayansa, a lokacin da yake buƙata, gwargwadon buƙata. Ɗan katin da ake kira kanban shi ke kai saƙon.

Abin da ya cancanci yabo

Ba na cikin masu raina wannan tunani. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne bambancin da ya sa tsakanin motsi da aiki. Mutum zai wuni yana kai da kawowa, gumi ya jiƙa masa riga, amma in aka zauna aka duba, abin da ya ƙara wa kayan daraja bai wuce na ɗan lokaci ba. Almajiran Ohno sun ba da labarin yadda yakan zana da'ira da alli a daɓen masana'anta, ya tsayar da injiniya a ciki sa'o'i, ba abin da zai yi sai kallo, har sai ya ga ɓarnar da idonsa. Gani ya kori ji. Shugaban da ke zaune a ofis yana karanta rahoto ba zai taɓa sanin cewa ma'aikacinsa na taka ƙafa goma don ɗauko ƙusa ba.

Na biyu shi ne ƙin ɓoye matsala. Mutanen Toyota sukan kwatanta tarin kaya da ruwan kogi, matsaloli kuma da duwatsun da ke ƙarƙashi. In ruwa ya cika, kwale-kwale zai wuce lafiya, ba wanda ya san da duwatsun. In aka rage ruwan sai su bayyana, dole a kawar da su. Da wannan hikima aka ba ƙaramin ma'aikaci igiyar da zai ja in ya ga aibi, har layi ya tsaya in ba a gyara ba. Asalin abin yana komawa ga injin saƙar da Sakichi Toyoda ya ƙera, wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa ƙyalle mai aibi.

Akwai shaida cewa abin ba na jinin Japanawa ba ne kaɗai. A garin Fremont na jihar Kalifoniya, kamfanin General Motors ya rufe wata masana'antarsa a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan. Cikin ɗan lokaci ingancin motocinta ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Mutanen nan dai su ne, tsarin ne ya canja.

Ƴan uwa biyu da aka bari a gida

To ina matsalar take? A koyarwar Toyota, muda ba ita kaɗai ba ce. Su uku ne: muda, mura da muri. Mura shi ne rashin daidaito, yau aiki ya yi ambaliya gobe a zauna. Muri kuwa shi ne ɗora wa mutum ko inji abin da ya fi ƙarfinsa, ɗaukar Dala ba gammo. Ukun nan a sarƙe suke. Dubi tela da ya yi wata biyu yana korar ƙuda, sannan sati biyu kafin salla ɗinki ya rufe shi. Wannan mura ne. Sai ya dinga kwana a kan keke shi da yaransa, wannan muri ne. Sai a yanka shaddar wani ba daidai ba, a sa wa rigar wani hannun da ba nata ba, wannan muda ce. Wanda ya zo ya ce zai magance ɓarnar tela ta hanyar yi wa yaran tsawa su daina kuskure bai san inda ciwon yake ba.

Da tsarin ya haye teku, masu bincike na jami'ar MIT suka raɗa masa suna lean, wato marar kitse, kuma littafin da suka fitar a 1990 ya yayata shi a duniya. Sunan kansa ya nuna inda hankali ya karkata: a rage, a yanke, a zaftare. Masu sayar da shawara ga kamfanoni suka rungumi muda, domin ita ce ake iya nuna wa mai kamfani a takarda cewa ga kuɗin da aka tsimin masa. Mura da muri kuwa gyaransu yana buƙatar shugabanni su canja yadda suke karɓar oda da yadda suke tsara aiki, kuma ba kowane shugaba ke son a nuna masa cewa ɓarnar daga teburinsa take farawa ba. Sai aka bar su a gida. Abin da ya rage shi ne wuƙa mai kaifi a hannun wanda ba a koya masa inda ake tsayawa ba.

Numfashin ma'aikaci

Kada a ɗauka laifin na masu kwaikwayo ne kaɗai. Akwai tsaga a jikin tunanin tun daga tushe. Ma'aunin muda shi ne: duk abin da mai saye ba zai so ya biya kuɗinsa ba, banza ne. Mai sayen mota ba ya biyan kuɗin daƙiƙa biyar da ma'aikaci ya miƙe ya sassauta bayansa. Ba ya biyan kuɗin ƴar hirar da tsohon ma'aikaci ke yi da sabo, wadda a cikinta ake gadon sana'a. A wannan ma'auni duka jira ne ko motsin banza. Ohno bai ɓoye manufarsa ba: ya bayyana cewa rage wani ɓangare na aikin mutum ba ya sauke tsadar kaya, sai an tattara ragowar har an iya cire mutum sukutum daga layi. In an cire shi, waɗanda suka rage kowace daƙiƙarsu ta cika.

Wani ɗan jarida, Satoshi Kamata, ya shiga Toyota a matsayin ma'aikacin wucin gadi ya yi wata shida daga 1972 zuwa 1973, ya fito ya rubuta abin da ya gani a littafin da sunansa na Japananci ke nufin masana'antar motoci ta yanke ƙauna. Ya ba da labarin layin da ake ƙara wa sauri, da gajiyar da ba ta sakin jiki, da raunukan da ake samu. Wanda ya karanta Ohno bai karanta Kamata ba, gefe ɗaya na ɗakin ya leƙa. Ɗaya yana tsaye cikin da'irar alli yana kallo, ɗayan shi ne ake kallo.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Harshen Japan yana da kalmar karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. A 2007 wata kotu a Nagoya ta yanke hukunci cewa wani ma'aikacin Toyota ɗan shekara 30, wanda ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki a 2002, yawan aiki ne ya kashe shi. Ya yi fiye da awa 100 na ƙarin lokaci a watansa na ƙarshe. Kotun ta lissafa tarukan inganta aiki da ake cewa na sa kai ne a cikin aikin kamfani, kuma a 2008 Toyota ta faɗaɗa biyan ma'aikata kuɗin waɗannan taruka. Mai karatu ya lura da abin takaicin: lokacin da ake zama don farautar muda, shi kansa ya zama muri.

Masu kare tsarin za su ce a Toyota wanda aka cire daga layi ba korarsa ake yi ba, wani aikin ake ba shi, kuma wannan ne ya sa ma'aikaci ke yarda ya nuna ɓarnar da ke cikin aikinsa. Gaskiya ne, ga ma'aikatan dindindin. Amma akwai ƴan kwantiragi irin su Kamata, waɗanda su ne ake ƙarawa in kasuwa ta buɗe a rage in ta rufe, kamar yadda aka daina sabunta wa dubbansu kwantiragi a rikicin tattalin arziki na 2008 zuwa 2009. Akwai kuma ƙananan kamfanoni masu kawo kayan haɗi. Idan babban kamfani ya ce ba ya ajiye kaya amma yana son a kawo masa sau da yawa a rana, to sau da yawa kayan ba ɓacewa suka yi ba, sun koma siton ƙaramin ne ko bayan motarsa. Tun a 1977 aka kai wannan ƙorafi gaban majalisar dokokin Japan. Share gida a tura sharar ƙofar maƙwabci ba tsabta ba ce.

Rumbu ba ɓarna ba ne

Wurin da na fi saɓawa da Ohno shi ne batun ajiya. Ya danganta son tara kaya da halin manoma, waɗanda suka saba ɓoye shinkafa don gudun bala'i, ya ce masana'antar zamani sai ta yi ƙarfin halin rabuwa da wannan ɗabi'a. A cikin masana'anta ɗaya, tsakanin inji da inji, yana da gaskiya. Amma manomin da ya gina rumbu ba wawa ba ne. Ya san damina ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Tarihin Toyota kansa ya gwada maganar. Ranar 1 ga Fabrairu 1997 gobara ta cinye wata masana'antar kamfanin Aisin a garin Kariya, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan ƙarfe mai daidaita ƙarfin birki. Abin da ke hannu na ƴan kwanaki ne, sai masana'antun Toyota suka tsaya. Cikin kimanin mako guda aka dawo aiki, domin kamfanoni da dama sun taru sun taimaka, har da Brother mai ƙera keken ɗinki. Masu son tsarin suna kafa hujja da wannan cewa yana farfaɗowa da sauri. Ni abin da na gani daban ne. Abin da ya cece su ajiya ce, sai dai ba ta ƙarfe ba: injunan da ba su cika da aiki ba a wasu kamfanoni, ƙwararrun da suka san abin da ya wuce aikinsu na kullum, da amanar da aka yi shekaru ana ginawa. Da mai farautar muda ya bi ta kansu wata guda kafin gobarar, da ya yi wa rabinsu jan layi.

Girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011 ta fi tsanani. Ta lalata masana'antu a arewa maso gabashin Japan, ciki har da ta Renesas mai yin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke zama ƙwaƙwalwar mota. Sai da Toyota ta yi kusan wata shida kafin aikinta ya daidaita. Bayan haka ta buƙaci masu kawo mata irin waɗannan ƙwayoyi su riƙa ajiye na wata biyu zuwa shida. Da ƙarancinsu ya buga duniya a 2021, sauran manyan kamfanonin motoci suka riga ta tsayawa, ita kuwa ta jure har zuwa Satumba, lokacin da ta rage kashi 40 cikin ɗari na abin da ta shirya ƙerawa. Wato kamfanin da ya koya wa duniya cewa sito ɓarna ne, shi ya koma ya gina rumbu, kuma rumbun ya yi masa rana. Wannan ba abin kunya ba ne gare shi. Abin kunya yana ga waɗanda har yau ke karanta jerin bakwai ɗin kamar ba a taɓa yin girgizar ƙasa ba.

In za mu ara

Tsarin Ohno ya girma ne a jihar Aichi, inda masu kawo kaya da yawa ke kewaye da masana'anta, hanya lafiyayya, wuta ba ta ɗaukewa. Mai masana'anta ko ɗan kasuwa a Yamai ko Maraɗi, wanda kayansa ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, yana da tafiyar kilomita kusan dubu ko fiye tsakaninsa da teku. Da aka rufe iyakar Nijar da Binin bayan juyin mulkin Yuli 2023, wanda ya ajiye kaya shi ya ci gaba da ciniki. A irin wannan wuri, wanda ya kwashe sitonsa don ya ji an ce Toyota ba ta ajiya, ya fafe gora ranar tafiya. Duwatsun da ke ƙarƙashin koginmu ba duka ne mai kwale-kwale ke iya kawarwa ba, don haka rage ruwan kafin a duba irin dutsen ganganci ne.

Amma akwai abin ɗauka mai yawa, kuma ba ya buƙatar ko dala. Takardar da ke yawo tebur biyar kafin a sa mata hannu, majinyacin da ke wuni a layi don ganin likita na minti uku, makanikin da ke ɓata rabin awa yana neman sifana a cikin tarkace, duk waɗannan muda ce tsantsa, kuma ba wanda zai cutu in an kawar da su. Sharaɗin kawai shi ne kafin a ɗora wa abu sunan banza a yi tambayoyi: banza ga wa? In an cire shi, wa zai ɗauki nauyin? In rana ta ɓaci, me za a dogara da shi?

Japanawa suna da wata kalmar, mottainai, wadda Wangari Maathai ta Kenya, mai lambar Nobel ta zaman lafiya ta 2004, ta ji a ziyararta Japan a 2005 ta yayata ta a duniya. Ita kalma ce ta takaicin ganin an wulaƙanta abu mai daraja, ko ƙwayar shinkafa ce da aka bari a kwano. Muda tana auna abu da aljihun mai saye, mottainai tana auna shi da darajar kansa. Da ma'aunin farko, ƙarfin ɗan shekara 30 da ya ƙare a bakin layi ba ya cikin jerin ɓarna bakwai. Da na biyu, shi ne ɓarna mafi girma da masana'anta za ta iya yi. Duk wanda zai ari kalma ɗaya daga Japan, ina ba shi shawara ya haɗa da ɗayar.